Malamin da Ya Koya Mana Turanci da Ƙafa

Kafin bakwai da rabi Malam Zainulabidin ya iso. Kullum daga Bodinga yake tasowa bisa tsohon babur ɗinsa zuwa makarantarmu a Shagari, ya jingine shi gindin dogonyaro, ya kakkaɓe hula. Shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci. Watan jiya ya yi ritaya.

Akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi da ke kayar da mu in za mu yi zancen makaranta: "in", "at", "to". Malam bai taɓa jera su a allo ya ce mu haddace ba. Waje yake fitar da mu. Wata ta taho tun daga bakin titi, wata ta tsaya ƙofar makaranta, wata ta zauna cikin aji ta leƙo ta taga. Kowace ta faɗi inda take da Turanci, da ƙarfi. In ta ɓata, ta koma ta sake takowa.

Salma, mai bakin ajinmu, ta taɓa ce mai, "Malam, Turanci munka zo koyo ko faretin soja?"

Ya ce, "Ɗiyata, abin da ƙafa ta taka ba shi ɓacewa. Koma bakin titi."

Ni kuwa ba ni magana. Makarantar koyon aikin lafiya ta Sakkwato nake so, kuma an gaya mini sai na zauna gaban mutane na amsa tambayoyi da Turanci. Har na fara cire rai.

Malam ya lura leɓena na motsi duk sadda wata ta ɓata. Bai kira ni gaban aji ba. Cewa ya yi, "Nafisa, tsaya kusa da Salma. In ta ɓata, raɗa mata." Raɗa kam na iya. Abin da ban gane ba, kowane mako sai ya matsar da ni taku biyu nesa da ita. Ran nan ina ƙofa, Salma na can bakin titi, ta ɓata. Sai ji na yi muryata ta bugi bangon aji ta dawo. Kowa ya juyo. Salma ta ce, "Ashe bebiyar nan tana da maƙogwaro." Malam ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ta gaba."

A Sakkwato mutum uku sunka tambaye ni labarin makarantarmu. Ƙofar nan na tuna, na amsa. An ɗauke ni.

Malam, kai ne ka ji maganar da ban faɗa ba. Kai ne ka san mai kunya ba a janyo ta, matsar da ita ake yi kaɗan-kaɗan. Kai ne rijiyar bakin hanya, kowa ya sha ya wuce.

Ranar bankwana anka ce wa zai yi magana a madadin tsofaffin ɗalibai. Na so tashi, amma na ci gaba da zama. Ka hango ni, ka yi murmushi, ka kau da kai kamar yadda ka saba.

To, ga abin da na riƙe. Na gode, Malam. Allah Ya saka da alheri, Ya ba da lafiya mai ɗorewa. Ku malaman da kunka gaje shi, ku riƙa duba layin baya. Akwai mai motsa leɓe a can. Taku biyu kawai take buƙata.