Keken da ya fi ƙafata tsawo

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina noman albasa, ba zan manta da ranar da na faɗi da keke a hanyar Dandin Mahe ba. Faɗuwar kanta ba wani abu ba ce, wa bai taɓa faɗuwa da keke ba? Abin da ya kai ni ga faɗuwar ne yake ba ni kunya har yau, don ƙyashi ne tsagwaronsa, kuma ƙyashin ɗan'uwana na jini.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, yana zaune wajen Shagari, ni kuma ina wani ƙauye kusa da Boɗinga. Shekara ɗaya aka haife mu, amma Allah ya ba shi tsawo ya hana ni. Tun muna yara ba ya kirana sai da "gajere," ni kuma in ce masa "bawana." Wasan taubasai ne, ba a fushi. A baki nakan yi dariya, amma a raina abin yana ci na, musamman da yake duk abin da ya sa sai ya yi masa kyau.

Shekarar da man fetur ya yi tsadar da kowa ya jingine babur, sai ga shi wata Juma'a ya zo gaishe mu a kan keke. Ba irin baƙin keken iyayenmu ba, irin wanda aka yi don hawan tudu da duwatsu, mai giya da tayoyi masu kauri. Ya ratso yashin ƙofar gidana ko tangaɗi bai yi ba. Mutanen da ke zaune gindin dalbejiya suka taso suna shafawa. Duk wannan na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne maganar matata, da ta leƙo daga zaure ta ce, "Kai, keken ga ya amshe shi!" Ba da wata manufa ta faɗa ba, na sani. Amma ranar ko tuwo ban ci da daɗi ba.

Kafin sati ya zagayo na kai tunkiyata kasuwa, na wuce wurin wani dattijo mai gyaran keke a Boɗinga, wanda yake sayarwa kuma. Na ce masa ina son irin na taubashina, mai sauƙin kuɗi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga rumfa ya turo wani ɗan madaidaici na hannu, fentinsa duk ya kakkarce. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya juya tayar ya ce in saurara, ba ƙara ko kaɗan. Ya matsa wayoyin tayar ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini walda, ya kama birki. Ya ce, "Wanga shi ad daidai da kai. Kuma shina ɗaukar kariya, ka aza buhu baya."

Ni kuwa ko rabin maganarsa ban ji ba. Idona yana kan wani ja, sabo fil a leda, da sifirin gaba da baya, wanda na tabbata ya fi na taubashina girma. Kuɗinsu kusan ɗaya ne. Da ina da hankali a lokacin, da na tambayi kaina yadda sabo mai wannan ado zai zo daidai da tsoho. Dattijon ma bai ɓoye mini ba. Ya ce ƙarfensa nauyi ne kawai ba ƙarfi, sifirin ɗin na ado ne, kuma ba inda za a ɗaura kariya. Da ya ga na kafe, sai ya ce to mu gwada. Yadda yake auna mutum shi ne ka tsaya keken yana tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, shi kuma ya ga ko dunƙulen hannu zai shiga tsakaninka da ƙarfen da ya haɗa sirdi da hannun keke.

Na ƙetara ƙafa. Ƙarfen ya tokare ni tun kafin ƙafata ta taɓa ƙasa. Sai na yi ɗage a kan yatsu, na saki doguwar rigata ta rufe komai, na tsaya ina murmushi.

Dattijon ya ce, "Ɗaga rigag ga in ga ƙahwahunka."

Na ce, "Haba Baba, ni yaro na? Ga ni tsaye lahiya lau."

Ya kalli bakin rigar. Can ya ce, "To, Allah shi sa alheri. Amma keke ba a saye nai da ido." Na biya na turo abina, don a gabansa ban yarda in hau ba.

Sati biyu na yi ina shan wahala a ɓoye. In zan hau sai na nemi dakali ko kututture. In zan sauka sai na karkata in yi tsalle. Kwankwasona ya yi ta ciwo saboda miƙo ƙafa, matata tana tambaya ina cewa sanyi ne. Amma duk wanda ya ce "wannan ai ya fi na dogo," sai in ji ciwon ya tafi.

Ana haka lokacin dashe ya zo. Shekarar tsutsa ta cinye irin albasar da na yafa, mutane da yawa ma haka, iri ya yi wuya ko da kuɗinka. Kawu ya aiko cewa ya rage mini na ƙarshe a lambunsa, kamar buhu biyu, in zo in ɗauka. Wanda bai san albasa ba ba zai gane ba: in an tuge iri da safe, sai a naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu, a kai shi inuwa, a dasa da la'asar. In rana ta same shi a hanya, ya tafi ke nan. Na riga na gyara fangali na ba su ruwa, abincin gidana na shekara yana cikin buhunan nan biyu.

Taubashina yana wurin, shi ya taya ni tugewa. Ya zagaya kekena yana fito, ya ce, "Gajere, tsani kaka sawa in za ka hau?" Aka yi dariya. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Kawo in aza ma kariyata in kai maka. Naka ba shi da wurin kaya." Gaskiya ya faɗa, kuma don Allah ya faɗa. Amma ni abin da na ji shi ne kekensa ya fi nawa amfani. Na ce masa ya riƙe taimakonsa. Na goya buhu ɗaya a baya, na rataya ɗaya a kan hannun keke, na taka bakin rijiya na hau.

Na yi nisa, rana ta fara zafi, na iso wani kwari mai yashi, sai ga garken shanu yana ratsa hanya. Abin da ake buƙata kawai shi ne mutum ya kama birki ya sa ƙafa ƙasa. Na kama birki, na miƙa ƙafa, ƙasa ba ta nan. Na zame daga sirdi na faɗa kan ƙarfen, wata azaba ta ratsa ni har ƙwaƙwalwa, nauyin buhu ya ja ni, muka kife gaba ɗaya. Tayar gaba ta lanƙwashe kamar tsohon faifai. Buhun da ke hannun keke ya yage, iri ya watse cikin yashi mai zafi, shanu suka bi ta kai. Bafulatanin da ke kiwo ya yi ta kora yana ba ni haƙuri, alhali ba laifinsa. Ni kuwa ina kwance ko tashi na kasa, ina kallon albasata a ƙarƙashin kofato.

Ban daɗe ba na ji ƙarar keke a bayana. Taubashina ne. Ashe tun da ya ga yadda nake karkata hagu da dama a kan sirdi ya biyo ni daga nesa. Na sunkuyar da kai ina jiran tsiya, don irin wannan ranar taubashi yake jira shekara da shekaru. Bai ce komai ba. Ya kwance buhun da ke bayana, ya jiƙa shi da ruwan gorarsa, ya ɗaure a kariya. Ya durƙusa ya tsince abin da zai tsintu. Shirun nan nasa ya fi mini duk wata tsiya zafi.

Sai da muka gama dashe da yamma ya yi magana. Ya ce, "Ka ga ɗan ƙaramin nan da Baba mai keke yan nuna maka? Shi nis so saye, ya hi nawa ƙwari. Gwiwata ka bugun hannu nai, Baba yah hana ni. Nic ce a raina, wanga na gajere na." Wato abin da ya so ya rasa saboda tsawonsa, shi aka miƙo mini na ture.

Rabin fangalina ne kawai ya samu iri. Sauran rabin haka ya zauna fayau har aka cire albasa, kullum in na je ban ruwa sai na wuce ta gabansa. Shekarar ba mu ji da daɗi ba a gida, kuma ba tsutsa ce ta jawo ba, ni ne.

Abin da na koya shi ne, in kana auna abu da na wani, ba za ka taɓa auna shi da kanka ba. Ba zan ce ƙyashin ya fita duka ba, har yau in na ga dogon nan a kan kekensa sai na ji wani abu. Amma bayan kaka da na koma wurin dattijon, ya turo mini wani madaidaici, ban jira ya yi magana ba. Na ƙetara ƙafa, na kafa tafin ƙafata a ƙasa, na tattare rigata da kaina har gwiwa.