Ƙwaryar da Aka Ajiye a Ƙofar Gidanmu

Ku matso kusa, ku ja tabarma, in gaya muku abin da ya sa har yau in na ji ƙanshin ɗanyen manja sai tsigar jikina ta tashi.

A Zongo aka haife ni, nan Lome, cikin wani gidan haya mai ɗakuna a jere da ƙofa ɗaya tak. Mu kaɗai ne Kirista a gidan. Tuwon sallah ya shigo mana, shinkafar Nowel, wato Kirsimeti, ta shiga musu, haka muke zaune. Kakata, wadda ta haifi Baba, ta makance tun kafin in yi wayo, ni ce 'yar jagorarta. "Ƙawata" take ce mini, ko da faɗa za ta yi.

Cikin damina ne. An kwana ana ruwa, gari ya waye a lumshe, maza duk sun fita nema. Da hantsi naƙuda ta kama Innata, ta kuwa zo da gardama. Hajiya, matar mai gidan, ta ce in ruga in kira ungozoma. Ina kaiwa zaure na ja birki.

Ƙwarya ce sabuwa fil, a tsakiyar dokin ƙofa. Manja a ciki, da farin ƙwai a tsaye, da gashin baƙar kaza, an zagaye gefenta da jan ƙyalle. Da safe maza sun wuce ta nan ba su ga komai ba, ke nan bayan fitarsu aka kawo ta, kuma ba wanda ya ji motsin ƙafa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙuda. Damina, manja a buɗe, amma ko ƙuda ɗaya bai sauka ba. Akuyar Hajiya ma da ba ta raina komai, ta zo ta sunsuna daga nesa ta juya.

A wurinmu kowa ya sani, irin wannan ba a taɓawa, ba a tsallakewa. Wanda ya tsallake, shi ya ɗauki abin da aka zuba a ciki. Hajiya ta leƙa ta katanga ta sa aka kirawo ungozoma. Ta zo da jakarta, ta ga ƙwarya, ta tsaya cak a waje.

"Hajiya, ni ma ina da 'ya'ya," in ji ta.

Aka ce a nemo malamin unguwa, aka ce ya tafi jana'iza unguwar Agoè, sai la'asar. Mata suka yi cirko-cirko a tsakar gida. Nishin Inna da muke ji ɗazu da ƙarfi, yanzu sai an kasa kunne.

Sai na ji muryar Kaka daga ɗaki. "Ƙawata, zo ki kai ni ƙofa."

Na kama hannunta muka taho a hankali. Hajiya ta sha gabanmu. "Haba Iya, ki rufa mana asiri. Ba ki ga abin ba ne."

"Ai shi ya sa ni zan je," in ji Kaka. "Ku da kuka gani, ga shi ya ɗaure ku."

A zaure na ji hannunta yana rawa cikin nawa. Na ce, "Kaka, ke ma tsoro kike ji."

"Jikina ne ke yi, bar shi ya yi. Tsorona guda ɗaya ne, kuma tun ina yarinya na miƙa shi ga Wanda ya halicce ni. Ba ni da ragowar da zan ba ƙwarya. Ɗora hannuna a kai."

Ta durƙusa. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ubangiji, kai kaɗai ne mai tsarki, rai naka ne. Cikin sunan Yesu Almasihu, ka buɗe wa baiwarka hanya." Amma makauniya ba ta san inda za ta taka ba, dole na kama ɗaya gefen. Jama'a, ƙwaryar nan da ɗumi take, kamar yanzu aka sauke ta daga cinyar mutum. Muka fita da ita, ƙwan yana kaɗawa cikin manja, ni kuma ina ta maimaita addu'ar Kaka a bakina don kar in saki. Muka ajiye ta gindin wata bishiya a bakin kwata.

Ungozoma ta yi bismillah ta shige da gudu. Kafin kiran azahar muka ji kukan jariri.

Na daɗe ina duba hannuna kowace safiya, ina jiran ya shanye. Kaka ta riƙa tsokanata: "Ƙawata, hannun ya faɗi ne, in ara miki nawa?" Har ta koma ga Ubangiji ba mu san wanda ya ajiye ƙwaryar ba, ita kuwa ba ta taɓa tambaya ba.

Jaririn nan shi ne ƙanena da ke zuwa daga unguwar Djidjolé a kan babur yana cinye mini tuwo. Gidan an rushe shi, an yi bene da ƙofar ƙarfe, haihuwa kuma sai asibiti. Amma tsoro bai tashi daga unguwa ba. Ranar da likita ya kira ni ciki ni kaɗai ya rufe ƙofa don ya faɗa mini sakamakon gwajina, hannuna ya yi rawa irin na Kaka, na bar shi ya yi.

To ku fa, naku tsoron wa kuka miƙa wa?