Tseren Kawuna da Injin Cika Jigida

Shekaru kaɗan bayan Faransa ta sauke tutarta, lokacin da ake kiran ƙasar nan Dahomey, na shiga soja. Ni ɗan Djougou ne. Gidanmu na fataken goro ne tun kakanni, kuma a dangin ubana babu wanda ya taɓa sa kaki. Ta wajen uwata ne muke da soja guda, wanta, wanda ya yi wa Faransa yaƙi a ƙetaren teku, ya dawo ya kafa teburin nama a kasuwa. Ranar da zan tafi, Kawun nan nawa ne ya raka ni har bakin mota, duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya tsayar da shi ya ce, "Ɗan ƙanwata ne, mitarayos zai riƙe."

Aka kai ni barikin Parakou. Mitarayos dai na gan ta, babbar bindigar nan mai ƙafafu, na goge ta, na ɗauke ta a kafaɗa, amma ba ni aka ba harbinta ba. Ni cikin masu cika jigida aka sa ni. Jigida ita ce doguwar sarƙar ƙarfe da ake jera harsasai a cikinta, bindiga tana zuƙarta ta gefe guda, tana tofar da kwanso ta ɗaya gefen. Abin da mai harbi zai ƙarar kafin mutum ya gama hamma, mu wuni muke yi muna cika shi.

A bayan ɗakin makamai muke zama, gindin mangwaro, kowa da akwatin harsasai a gabansa. Ka ɗauki harsashi, ka sa a gurbinsa, ka danna da babban yatsa har sai ya yi ƙas. Ka ɗauki wani. In guda ɗaya ya leƙo ya fi 'yan uwansa, bindiga za ta sarƙe a filin harbi, kuma sarjan ɗinmu ya san hannun kowa. Yatsunmu suka kumbura, suka tsage, suka warke, suka sake tsagewa. Akwai maraicen da aka kawo mana sakwara da zafinta, muka zauna muna kallonta, babu mai iya yankan loma.

Wata safiya sarjan ya fito da mu daga layi, ya ce mu hau kamiyo, babbar motar nan ta ɗaukar kaya, tashar jirgi za mu. A Parakou layin dogo yake ƙarewa, duk abin da ya taso daga Kwatano nan yake sauka. Muka iske wani akwatin katako, bai kai buhun masara girma ba, amma da muka ɗaga sai da kowa ya yi nishi. Duk hanyar komawa muna ta gardama. Wani ya ce rediyo ce, wani ya ce kayan likita. Sarjan yana zaune gaba, yana murmushi.

Da aka ɓalle murfin, aka yaye takarda mai maiƙo, sai ga wani baƙin ƙarfe mai buɗaɗɗen baki a sama kamar mazurari, da mariƙin juyawa a gefe. Abokina, wani Bariba dogo mai son dariya, ya ce, "An yi kuskure, na kuku ne. Injin niƙa nama ne wannan."

Sarjan ya ce, "Kawo tebur."

Ya ɗaure injin a bakin tebur, ya cusa kan jigida a wata 'yar ƙofa da ke ƙasa, ya ɗebo harsasai ya jera a bakin nan, ƙoƙunansu duk suna duban gefe guda. Sannan ya kama mariƙin ya juya. Ƙas. Ya sake juyawa. Ƙas. Jigida ta fara fitowa ta ɗaya ɓangaren, kowane harsashi a zaune daram, kawunansu a jere kamar haƙoran mataji. Ya ƙara sauri, ƙas-ƙas-ƙas, sarƙar tana zubowa ƙasa tana naɗewa.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. Abokina ya cire hula ya jefa sama, ta maƙale a mangwaro. Wani ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin injin, wai yana neman yatsan da ke dannawa. Yatsan kuwa yana nan, wani ɗan sandan ƙarfe ne da ke fitowa yana komawa da kowane juyi. Har masu wanki da masu gadin ƙofa suka taho kallo.

Kowa aka ba shi ya gwada. Wasu suna fizga, wasu suna jin tsoro. Ni kuwa tun ina gida nake juya wa yayata keken ɗinkinta na hannu, na saba da juyin da ba ya rawa. Sarjan ya saurari ƙarar, ya ce, "Voilà. Kai ne mai shi daga yau." Ranar nan ko abinci ban ji ɗanɗanonsa ba don murna. Na koyi kwance shi, da goge shi, da sa masa mai, da gane ƙararsa in yashi ya shiga. Aikin wuni ya koma na hantsi.

Bayan damina aka ce rukuninmu zai je Djougou. Manya suna so mutanen arewa su ga sojan ƙasarsu da idonsu, su san ba na Bature ba ne yanzu. Za a yi fareti, a nuna kayan aiki, a harba mitarayos da harsashin ƙara kawai. Lutanan ɗinmu ya ce a tafi da injin, da harsasan koyo waɗanda babu albarushi a cikinsu.

A bayan kamiyo na zauna, na rungume akwatin da hannu biyu don kada gargadar hanya ta buga shi. Da muka wuce Sérou na fara gane itatuwa. Garinmu zan shiga da kaki, da injin da babu wanda ya taɓa ganin irinsa. Abu ɗaya ne ke ɗan tsikarata. Na sha aika wa Kawu saƙo cewa jigida nake cikawa, amma masu zuwa Parakou suna gaya mini har yanzu a kasuwa cewa yake ni ne mai harbi.

Washegari fili ya cika. Mutanen Kolokondé sun zo a ƙasa, Fulanin wajen Pélébina sun tsaya gefe da sandunansu, mata sun yi layi a inuwa. Ina tsaye bayan teburina sai na ji kalangu. Mahautan kasuwa ne gaba ɗaya suka taho, da makaɗinsu, Kawu a gaba. Ya sa rigar Juma'a, ya liƙa lambobinsa na yaƙi a ƙirji, ya ɗora tsohuwar jar hularsa ta soja. Ya nufi lutanan kai tsaye, ya buga ƙafa, ya sara masa. Lutanan, wanda bai kai ɗan Kawu na fari shekaru ba, ya miƙe ya amsa da girmamawa.

Sannan Kawu ya juyo ya gan ni.

Na ce, "Kawu, barkanku da zuwa."

Ya ce, "Ina bindigar?"

Na nuna masa inda take, can gaba, da mai harbinta. Na ce, "Ni ga nawa nan."

Ya zagaya teburin a hankali. Ya leƙa bakin injin, ya taɓa mariƙin da ɗan yatsa. "Wannan fa, me yake kashewa?"

Na ce ba ya kashe komai, jigida yake cikawa. Na juya masa kaɗan ya gani. Mahautan suka yi kabbara, amma shi ya taɓe baki.

Ya ce, "Jigida? Ni za a nuna wa jigida? Na cika ta cikin laka, na cika ta cikin sanyin da yatsa ba ya lanƙwasuwa. Wannan abin wasan ba zai riga ni ba." Ya juya wajen lutanan, ya faɗa masa haka da Faransancinsa na bariki. Lutanan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a kawo jigida biyu masu tsawo ɗaya.

Kafin ka ce me, labari ya zagaye filin, mutane suka bar kallon fareti suka yo kanmu. Aka shimfiɗa wa Kawu buhu. Ya naɗe hannun riga, ya zauna ya miƙe ƙafafu, ya ɗora jigidar a cinya, ya zuba harsasai a cikin hularsa. Sarjan ya ɗaga hannu, ya sauke.

Wallahi ban taɓa ganin hannu irin na Kawu ba. Ba ya ko duban abin da yake yi. Harsasai uku-uku yake ɗebowa tsakanin yatsu, yana dannawa da tudun hannu, jigidar tana tafiya a cinyarsa kamar carbi. Makaɗi ya sake kiɗa, mahauta suna kiran sunansa, suna tsalle. Ni ma sai jinina ya hau. Na manta da duk abin da na koya, na kama mariƙin na dinga fizga da ƙarfi. Harsashi guda ya kwanta a karkace a bakin injin, mariƙin ya tsaya cak.

Filin ya ɗauki sowa. Wani mahauci ya yi rawa har gaban teburina yana cewa, "Inji ya gaji! A ba shi ruwa!" Kawu bai ɗago kai ba, hannunsa sai ƙara gudu yake.

Sarjan ya matso kusa da kunnena ya ce, "Doucement, a hankali. Kamar a bariki."

Na ja numfashi. Na mayar da mariƙin baya kaɗan, na zaro harsashin da ya karkace, na gyara jerin. Gumi yana shiga mini ido. Na fara juyawa a hankali. Ƙas. Ƙas. Da na ji ƙarar ta daidaita sai na bi ta, ban ƙara ba, ban rage ba. Abokina yana zuba mini harsasai, yana ihu da yarensu. Sarƙata ta fara zubowa. Na saci kallo, Kawu ya kai rabi. Na sake kallo, na kamo shi. Sojoji suka fara buga ƙafa a ƙasa daidai da ƙarar injin, har ta rufe kalangu. Wutsiyar jigidata ta faɗo ƙasa, Kawu yana da sauran kamar kamu ɗaya.

Bai tsaya ba sai da ya cika tasa har ƙarshe. Ya tashi, ya karkaɗe riga, ya ce, "Miƙo taka." Ya bi ta da yatsa tun daga kai har wutsiya, yana neman wanda ya leƙo. Bai samu ba. Ya daɗe riƙe da ita, har hayaniya ta lafa.

Ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Akwai wani abokina, mutumin Kandi. Mu biyu muke cika wa bindiga ɗaya. Da muna da wannan, da ya samu ya yi barci ko sau ɗaya kafin ya rasu." Ya share fuska da hannun riga. Sai kuma ya ture ni da kafaɗa. "Matsa can, in ji yadda yake."

Ya kama mariƙin. Juyin farko ya yi ƙas, Kawu ya zabura kamar an tsikare shi, sannan ya fashe da dariya. Ya juya, ya juya, lambobinsa suna karo da juna a ƙirji. Jigida ta ƙare ya ce a kawo wata. Muka zazzage wadda aka cika, muka sake ba shi. Mahauta suka yi layi kowa yana so ya taɓa, ya hana su, wai sai wanda ya yi soja. Da ƙyar sarjan ya lallashe shi ya saki.

Ina ɗaure kaya sai ga Innata, ta ratso mutane da kwanon fura a hannu. Ta dubi injin, ta dube ni. Ta ce, "Ashe ba kai ke harbin ba?"

Na ce, "Ba ni ba ne, Inna."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Sha, ka yi gumi."

Ina cikin sha aka harba mitarayos. Duk da an yi shela tun da safe cewa ƙara ce kawai, filin ya watse, mata suka zubar da faranti, jakin wani mai itace ya tsinke igiya ya bi cikin kasuwa. Kawu kaɗai ya tsaya ƙyam, hannu a baya, yana gyaɗa kai, yana gaya wa wanda ke kusa da shi, wanda tuni ya gudu, cewa ɗan ƙanwarsa ne ya cika wannan.

Da la'asar, muna shirin hawa kamiyo, ya aiko yaransa da tire biyu na tsire da balangu, na rukunin gaba ɗaya, da cinyar rago daban ta lutanan. Muka ci a hanya, kowa hannu da baki maiƙo, muna waƙa. Sarjan ya leƙo daga gaba, da tsinken tsire a hannu, ya ce in gaya wa Kawu in ya gaji da kasuwa akwai gurbi a bariki. Abokina ya ce a'a, a bar shi inda yake, nama ya fi mu buƙatarsa.