Laimar da Ba a Buɗe Ba

Kafin motar ma'aikata ta farko ta iso, Seok Mal-sun ta riga ta miƙa wayarta ga masu gadi, ta cire zobe da tsinken gashi, ta sake yanke farcen da ta yanke jiya. Sai ta wuce ɗakin laima, mai dogon tebur, inda ko shayi ba a yarda a shiga da shi ba. Aikinta naɗe laimar da ake cusawa a kujerar matuƙin jirgin gwaji, don in abu ya ɓaci a sama kujerar ta harba shi waje, laimar ta sauko da shi. Igiya ɗaya bayan ɗaya take bi da yatsa, kamar mai tsefe wa jika kai. Haka ta yi shekara talatin da ɗoriya a cibiyarmu ta binciken jiragen yaƙi da ke kudancin Koriya, har makon jiya da ta ajiye aiki.

Ni injiniya ne, fukafukai nake zanawa, Yaya nake ce mata. Matuƙan jirgi kuwa Inna suke kiranta, kuma ba sa wuce ƙofarta ba su tsokane ta ba.

"Inna, yau idonki biyu kika naɗe kuwa?"

"In ba ta buɗe ba ka dawo ka kai ƙarata," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi.

Al'adarmu ce duk wanda laima ta ceta ya kawo wa wadda ta naɗe ta wainar shinkafa, ya rusuna. Na ga ranar da Kyaftin Ok ya zo yana ɗingishi da kwali a hannu. Ta karɓa, ta ce suga ya yi yawa, ta shige bayan kabad ta yi kukanta.

Sai ranar Manjo Pyo Gi-cheol. Jirgin da ya hau shi kaɗai muka ƙera, mun zuba shekarun ƙuruciyarmu a kansa. Ina ɗakin sa ido lokacin da injin ya mutu. Shugaban gwaji ya riƙe makirufo yana ihu.

"Gi-cheol, ja hannun kujerar! Fita! Umarni ne!"

"Ranka ya daɗe, guda ɗaya fa gare mu," in ji shi, murya a kwance. "Bari in kawo muku kayanku gida."

Bai iso ba. Da aka je wurin, hannun kujerar yana nan ba a taɓa shi ba, laimar kuma a naɗe yadda Mal-sun ta bar ta.

Iyali ba a gaya musu komai ba sai cewa ya rasu a bakin aiki, mu kuma rantsuwa ta ɗaure mana baki. Amma magana ba ta rasa ƙafa. Ta isa kunnen matarsa, Eom Hye-ran, cewa laima ba ta buɗe ba. A wurin makoki, tana riƙe da hannun ɗansu Jae-ung wanda ko makaranta bai shiga ba, ta dubi Mal-sun a gaban jama'a.

"Ke ce mai laimar? Da wannan hannun kike cin abinci?"

Mal-sun ta ajiye farin furenta, ta rusuna, ta fita. Daga ranar ba ta ƙara yi wa matuƙi barkwancin kai ƙara ba. Kowace shekara, kafin bikin kaka, takan hau tudun makabartar dangin Pyo da lauje ta share ciyawar kabarin Gi-cheol, ta sauko kafin 'yan gidan su zo. Hye-ran ta aiko a ce mata ta daina. Ba ta daina ba.

Bayan shekaru aka sassauta sirrin hatsarin, aka ce ana iya gaya wa iyali. Na tafi ɗakin laima har ina tuntuɓe don murna.

"Yaya, an wanke ki! Yau zan je in gaya mata."

"Ka gaya mata me, Dong-pil? Kai dai bakinka ba ƙyaure." Ta ci gaba da jan igiya. "Ka ce mata an ba mijinta zaɓi, ga ta ga ɗanta, ga ƙarfe, ya ɗauki ƙarfe?"

"To sai ki mutu da laifin da ba naki ba?"

"Ni in ta tsine mini ta samu barci. In shi ta tsana, da hoton wa za ta riƙa hira? Zauna ka riƙe mini bakin nan, kana tare mini haske."

Na zauna na riƙe, raina a ɓace. Har yau ban gama yarda cewa daidai ta yi ba, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki kaya irin wannan bai ko gyara ganwo ba.

Bana da bazara Hye-ran ta rasu, ba ta san gaskiyar ba. Mal-sun ta sa baƙaƙen kaya, muka tafi gaisuwa tare. Jae-ung, wanda ya zama magidanci, ya tare mu a ƙofar ɗakin makoki da ƙyallen babban mai makoki a damtsensa. Bai ɗaga murya ba.

"Ki yi haƙuri, Baba. Mahaifiyata ta bar wasiyya kada ki shigo."

A nan cikin takalman mutane ta durƙusa, ta yi rusunawa biyun da ake yi wa mamaci, ta juya. A tashar bas na jira ta ce wani abu mai zafi. Sai ta ce, "Ka ga yadda yake tsayuwa? Ubansa sak."

Yaya Mal-sun, ke ce wadda matuƙa suka jingina bayansu da aikinki suka tashi hankali kwance. Ke ce mai hannun da bai taɓa cin amanar kowa ba, aka zage shi kika ɓoye shi a aljihu. A walimar sallamarki an ci taliya, an miƙa miki allon yabo da aka rubuta "ƙwazo" a kai, aka tafa aka watse. Babu wanda ya ambaci Gi-cheol. Na ji kunya a madadinmu duka. Mun gode, Yaya, da laimomin da suka buɗe, mun gode da shirun da kika yi wa matar da ba ta taɓa yi miki kallon rahama ba.

Ku matasan da kuka gaji teburinta, ku naɗe kowace laima kamar wanda zai rataya a jikinta ɗanku ne, ko da ba wanda zai san sunanku. Kai kuma Jae-ung, na san za a kai maka wannan rubutu. Mahaifinka jarumi ne da ya yi kuskuren jarumai, matar da ka tare a ƙofa kuwa ba ta yi maka komai ba. Tana da rai, ta tsufa, ka je ka gaishe ta.

Da na gaya mata zan rubuta, na zaci za ta yi mini faɗa. Ba ta yi ba. Ta dubi hannuwanta, ta ce, "To, Dong-pil. Yanzu yaron nan wa zai tsana?"