Awon Ƙafar Zakiya

Duk wanda ya zauna a Ammariyya a shekarun da kuɗin fetur suka fara cika Jidda da motoci ya san Turai mai wanki. In bai san sunanta ba, ya san ƙunshin nan da ke tafiya shi kaɗai, don in ta ɗora kaya a ka sai ka sunkuya kafin ka ga mai ɗauka. Guntuwa ce, ga rashin jiki, in iska ta taso daga teku sai ta dafa bango. A Jidda aka haife ta. Iyayenta sun taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, suka yi shekara da shekaru suna noma a Sudan kafin su tsallako, kuma ba su koma ba. Abin da suka bar mata Hausa ce mai gauraye da Larabci.

Tun tana budurwa take wa gidajen unguwar Balad wanki, hawa bene, sauka bene, har gwiwoyinta suka fara yi mata magana. Ta auri Haladu mai sayar da ruwa, suka haifi 'ya ɗaya, Zakiya. Zama bai yi daɗi ba. Da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare sai ya koma Kano da yarinyar, ko famfara ba ta gama ba, wai can akwai dangi da makaranta. Turai ba ta da fasfon ko'ina, ina za ta bi su? Daga nan sai labari a bakin alhazai: ta girma, ta yi karatu, ta zama malamar asibiti. Sunan kuwa Turai ba ta kama shi, 'yar fari ce. "Yarinyar nan" take cewa.

Wata shekara, bayan an sauko daga Arfa, sai ga Alhaji Na'ibi, maƙwabcin Haladu a Kano, ya yi sallama a ƙofarta yana sauri, jama'arsa na jira. Ya miƙa mata wani dogon zare mai ƙulli a baki biyu.

"Hajiya, saƙon Zakiya. Ta ce a saya mata babur, wannan kuma awo ne. Zan dawo kafin mu tashi."

Kai, Turai ta yi murna! Tunda aka raba su yarinyar nan ba ta taɓa roƙonta ko allura ba. Kuma abu mai sauƙi, don a gidan da Turai ta tashi, babur shi ne ɗan murhun kananzir da ake yi wa famfo. Ta tafi kasuwar Bab Makka ta zaɓi na tagulla, mai ƙyalli. Zaren ne ya ɗaure mata kai, wane babur ne zai yi tsawo har haka? Ta ce wataƙila na ɗaure kwali ne.

Da Alhaji Na'ibi ya dawo ya gani, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Haba Hajiya, ai wannan risho ne! Babur na hawa ake nufi, wanda kuke ce wa dabbab. An tura ta wani ƙauye aiki, kullum a ƙafa, ƙafafun sun kumbura. Ta ari na wani malami ya kayar da ita, ya fi ƙarfinta. Zaren nan tsawon ƙafarta ne, daga cinya zuwa ƙasa."

Turai ba ta yi dariya ba. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki. Abu ɗaya 'yarta ta nema, ita kuma ba ta ji yaren ba. Da ya tafi ta rufe ƙofa, ta taka ƙulli ɗaya da diddige, ta ja ɗayan sama. Cif ya tsaya a cinyarta, ko ɗan yatsa bai ragu ba. Ta zauna a bakin gado ta daɗe ba ta tashi ba, wanki na jiƙe a baho.

Washegari ta sayar da awarwaron aurenta, ta nufi shagon Abdulghani, ɗan ƙawarta Mastura da ke ce mata khala, wato inna, mai gyara da sayar da dabbab a bayan Bab Makka. Ya juya zaren, ya girgiza kai.

"Khala, zare tsawo kawai ya sani. Bai san faɗin kujera ba, bai san nauyi ba. Sai mai shi ta hau."

"Mai shi tana Kano," in ji Turai. "Amma ga ƙafarta nan a jikina."

Abdulghani ya dubi titi ya dube ta. Mace a kan dabbab, a Jidda? Ai ko a wasa ba a yi, kuma in magana ta fita shi za ta shafa. Ya ce ta zauna a bayan tayoyi. Da aka kira azahar, kowa na rufe shago, ya sauke ƙofarsa ya ce, "Yalla, khala, da sauri, kada in rasa jam'i."

Na farko ƙato ne, shi samari ke so. Ta hau, ƙafafunta na reto, kafin ya ce wani abu sun tafi ƙasa tare, ƙugunta ya bugi siminti. Ta tashi tana salati. Na biyu bai kai shi tsawo ba, sai dai kujerar faɗi gare ta, ta buɗa ƙafa har zaren ya zama ƙarya. Abdulghani ya ce halas, a bari haka, za ta karye a banza. Ta ce ya fito da wanda ta hango a lungu.

Ɗan ƙarami ne ƙirar Japan, gabansa a buɗe, ba tanki a tsakanin gwiwoyi, mai zane ma sai ta ɗaga ƙafa kaɗan ta shige. Yatsunta suka taɓa ƙasa. Abdulghani ya farke kujerar ya rage soson, ta sake hawa. Yanzu in ta ɗan karkata hagu, tafin ƙafarta na zama daram, ta dama kuwa sai yatsu.

"Kwantar da shi ƙasa," ta ce.

"Don me kuma?"

"In ya faɗi da ita a daji, kai ne za ka je ka ɗaga mata?"

Ya kwantar. Turai ta gyara ɗaurin zane, ta durƙusa kamar za ta ɗauki baho, gwiwoyin nan suka yi ƙara, ta miƙe da shi. Ta tsaya tana haki, gumi na zuba. Ya ce ko ya tayar mata ta ji kukansa, ta ce a'a, ya bar wa mai shi. Ta gaji ne kawai, gajiyar da ba ta ranar nan kaɗai ba ce.

Aka kwance madubai aka sa shi a akwatin katako, zai bi jirgin ruwa tare da kekunan ɗinkin alhazai. Ranar tafiya ta raka Alhaji Na'ibi har bakin mota tana ɗingishi. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, sannan ya juyo.

"To Hajiya, me zan ce mata?"

Turai ta buɗe baki. Magana ta taru mata tun ranar da aka fita da yarinyar, a kan benaye ta tsara ta, a bakin baho ta gyara ta. Direba ya danna oda. Ta dubi ƙasa.

"Ka ce wa yarinyar nan, in za ta tsaya, ta riƙa saukar da ƙafar hagu. Ta dama ba ta kaiwa sosai. Na gwada."