Ciwon Kawu da Maganin Lahadi

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomin albasa ne a Aliero, kuma asma ta daɗe tana wahalar da shi. A kasuwar Jega wani mai kemis ya haɗa shi da wasu 'yan fararen ƙwayoyi. Suka buɗe masa ƙirji, suka cika masa kumatu, har mutane na cewa albasa ta karɓe shi. Shekara da shekaru yana watsa su a baki kamar gyaɗa.

Lokacin ina koyarwa a Maiyama, muna cikin Jihar Sakkwato. Aka aiko cewa kan Kawu ya taɓu. Abin ya fara da ciwon kai, sannan hannun hagu ya mutu, sannan baki ya buɗe. Ya tare liman ya ce masa huɗubarsa ta fi damina tsawo. Da na shiga gaishe shi ya dube ni ya ce, "Wanga mai kunnuwan jaki, ɗan wa na?"

Gida aka yanke hukunci cewa iska ce. Aka kawo wani malami daga Liba, aka yi hayaƙi, wanda bai kori aljani ba sai dai ya tayar da asma. Ranar da ya faɗi yana farfaɗiya a gindin rudun da yake ajiye albasarsa, mahaifiyata ta ce a kai shi asibitin Sakkwato.

Likitan ya haska idonsa, ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya tambayi abin da yake sha. Matar Kawu ta kwance bakin zane ta zube ƙwayoyin. Likita ya ce su ne suka kashe ƙarfin jikinsa. Ya yi bayanin wata ƙwayar cuta da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba. Tana kwance jikin mutane da yawa ba ta komai, sai jiki ya yi rauni ta tashi ta yi gida cikin ƙwaƙwalwa.

"Akwai kyanwa a gidan?"

Matar Kawu ta ce, "Mussoshi? Likita, sun hi ɗiyanmu yawa."

Ba su da na'urar leƙa cikin kai. Likita ya ce zai ba shi magani a gani. In ya ji sauƙi, to zaton ya tabbata. Na ce ai haka malamin Liba ya ce. Bai yi dariya ba.

Ɗaya daga cikin magungunan shi ne na zazzaɓin cizon sauro da ake sha ranar Lahadi kaɗai, amma shi kullum ake ba shi. Tsofaffin ƙwayoyinsa kuma aka riƙa rage su sannu a hankali. Wata safiya Kawu ya kira ni da sunana, ya ce, "Mi ag ga mutanen ga? Kullum Lahadi? Coci za su mai da ni?" Mahaifiyata ta juya baya tana share ido.

Ya koma gida da hankalinsa, sai dai yana jan ƙafar hagu. Babur ɗinsa ya gagare shi, ya ba babban ɗansa, ya koma zama a baya yana koya masa tuƙi da ƙarfi, har Jega.