Glenys Rohrlach Ba Ta Kai Maris Ba

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, da hantsi, Col ya kira ni. Ina bayan gida ina ba tumatir ruwa kafin zafi ya taso. Bai ja magana ba, cewa ya yi, "Noelene, Glen ta tafi." Na tsaya da tiyo a hannu har ruwa ya cika mini takalmi. Glenys Rohrlach, matar Col, ƙawata ta shekara talatin da ɗoriya, kin rasu a gidanki na Tanunda kina da shekara sittin da takwas, ana tsakiyar tsinkar inabi a gonakin da ke kewaye da ke. Wanda ya ba da ran ya karɓi abinsa, a nan ba mu da ta cewa. Amma akwai abin da ke cin raina, kuma kin san ni ban iya haɗiye magana ba.

Mu goma sha biyu ne a ƙungiyar nan tamu, yawancinmu tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan jinya, sai likitan haƙori guda, Warwick Pfeiffer, wanda har gobe gani yake ya fi kowa hancin gane giya. Abin da ya haɗa mu shi ne son giyar inabi, da abinci mai kyau, da kallon wasa. Kowane Maris mukan yi tafiyar 'yan kwanaki. Mu zaga gonakin inabi muna ɗanɗane, mu ci abinci na gani na faɗa, mu ƙare a Adelaide lokacin da garin ke cika da 'yan wasan kwaikwayo da makaɗa. Mutane kan yaba mana wai mun iya shirya tafiya. Ina muka iya? Ke ce mai shiryawa, mu namu shiga mota.

Tun cikin Yuni, lokacin sanyinmu a nan, kike farawa. Ki buga wa masu gonaki waya, ki kama mana tebur a gidan abincin da sai an yi wata da watanni ana jira, ki zauna da kukun wurin ku daidaita wace giya za ta bi wane abinci. Tikitin wasa ma ba ki saye da ka. Mai ciwon gwiwa kujerar bakin layi, mai nauyin kunne kusa da dandamali, masu gaba da juna a wannan shekarar kuwa ki raba su da mutum uku a tsakani, ba tare da sun gane ba.

Ban manta shekarar da muka ci naman rago da jar giya mai nauyi kafin mu shiga wasa ba. Ana tsakiyar wurin da ya fi ban tausayi Warwick ya kama minshari a layin gaba, har ɗan wasan ya juyo ya kalle shi. Da safe kika tare shi a bakin mota.

"Warwick, daga yau ranar wasa kifi za ka ci, da farar giya kofi ɗaya."

"Haba Glenys, ido kawai na rufe don in ji maganar da kyau."

"Mu ma mun ji taka da kyau, har na bayan zaure sun ji."

Haka dokar ta zauna har yau, jar giya sai ranar da babu wasa.

Shekarar da mijina Ray ya rasu na ce ba zan je ba. Ba ki yi mini gardama ba. Ranar tafiya sai ga mota a ƙofar gidana, kina danna ham kamar mai bin bashi, kika leƙo ta taga kika ce in fito ko da rigar barci ce. Kika zaunar da ni a gaba kusa da ke, wai in riƙa nuna miki hanya, ke da kika san hanyoyin kwarin inabin nan namu kamar tsakar ɗakinki. A kowane gidan abinci kuma na tarar an ba mu tebur mai da'ira, an cire kujera ɗaya tun kafin mu iso, don kada in ga gurbinsa a kusa da ni. Sai bayan shekara biyu na gane ba dace ba ne, ke kika sa.

To amma babban abin da kika yi mana shi ne tuƙi. Kowa ya san dokar hanya, wanda ya sha ba ya taɓa sitiyari, 'yan sanda kuma ba sa wasa a lokacin tsinkar inabi. Dole mutum ɗaya ya haƙura. Col idanunsa sun daɗe da hana shi tuƙi. A shekarar farko kika ce bari ki karɓa, daga nan bas ɗin haya ta zama taki. A gonaki kikan shaƙi ƙamshi, ki kurɓa kaɗan, ki juya a baki, ki tofar a bokiti. Idan an zo babban abinci, inda ba a tofarwa, sai ki kife kofinki ki nemi ruwa. Mu muna ta santi, muna cewa wannan akwai ƙamshin 'ya'yan itace, waccan ta dace da naman agwagwa, ke kina kallon agogo don kada a rufe mana ƙofar zaure. Kuma duk cikinmu babu wanda ya kai ki sanin giya. Kin sha gaya mini cewa kurɓa a tofar ba sha ba ne, giya ba ta nuna halinta sai tana tare da abinci. Idan wani ya ce, da rabin baki, ko badi zai karɓe ki, sai ki ce, "Bari dai, nawa na tafe." Mu kuma mu yi saurin yarda.

Ke ce kuma kika koya mana jira. Duk wanda ya ɗauko kwalba mai kyau zai buɗe, sai kin karɓa kin duba shekararta, ki ce, "Ba ta yi ba tukuna, a jira." Mun ji kalmar nan har ta zama abin tsokana a tsakaninmu. Ko shayi aka kawo da zafi sai wani ya faɗe ta.

Bara muka ga kunya ta ishe mu. Tafiyar bana ita ce ta ashirin, sai muka yanke shawarar ɗaukar babbar mota da direbanta, ke kuma ki zauna a baya kamar kowa, ki ci ki sha, ki yi minshari a wasa idan kin ga dama. Da muka gaya miki, kin yi dariya har da hawaye. Kika shirya tafiyar da ba ki taɓa shirya irinta ba. Kika zaɓi wani gidan abinci a kan tudu wajen McLaren Vale, inda ake kawo abinci kala-kala, kowane da giyarsa, kika ce wannan karon ba za ki kife kofi ko sau ɗaya ba.

Sai a taronmu na Agusta, a gidan Warwick, kika ajiye cokali kika ce, "Me zai hana mu yi tafiyar nan a Oktoba?"

Warwick ya zaro ido. "Oktoba? Kurangar inabin ma toho kawai ta fara. Babu tsinka, babu wasannin kirki a gari, sabuwar giyar da muke jira ba a fito da ita ba. Me za mu je yi, kallon ganye?"

"Akwai wasa ɗaya ko biyu," kika ce. "Abincin ma ai yana nan."

Nan fa aka yi caa, kowa da hujjarsa, kuma hujjojin duk masu kyau ne, don a wurinki muka koye su. Wani ya ɗaga kofi ya kwaikwayi muryarki, "Ba ta yi ba tukuna, a jira." Muka kwashe da dariya, har da ni. Kika dubi Col, Col ya dubi farantinsa. Sai kika yi murmushi kika ce, "To shi ke nan, Maris ɗin." A shekara ashirin, wannan ne karo ɗaya da kika nemi a yi wani abu da wuri, mu kuma muka mayar miki da maganarki.

A Nuwamba Col ya gaya mana. Tun Yuli likitoci suka ga ciwon daji, suka ce a fara magani mai ƙarfi, suka kuma gaya miki cewa maganin yakan ɗauke wa mutum ɗanɗano, wani ya dawo, wani ba ya dawowa. Kin roƙe su a ɗan jinkirta zuwa ƙarshen Oktoba. Ba ki so mu sani, don kada tafiyar ta koma zaman jinya, mu riƙa kallonki maimakon dandamali. Har yau ina jin haushin wannan shirun naki, Glenys. Kalma ɗaya ta isa. Amma mu ma da mun tambaya, ai da mun ji.

Na zo gidanki a Disamba da rana, ɗauke da jar giya mai shekaru, Col ya gasa rago. Muka zauna a baranda. Kin rame, amma bakin nan yana nan. Na zuba miki, kika shaƙa, kika kurɓa, kika haɗiye.

"Yaya?" na ce.

"Kamar na tsotsi tsohon cokali." Kika turo mini kofin. "Sha ki gaya mini. Kuma ban da ƙarya, na san idonki."

Na sha da naman, na fara bayani, sai kuka ya ƙwace mini. Kika ce in daina ɓata giya mai kyau da majina. Daga nan kika gyara zama kamar yadda kike yi idan za ki kafa doka.

"Direban nan da kuka ɗauka, ku sallame shi."

"Kin haukace? Saboda ke muka ɗauke shi."

"To me zan yi a baya da bakin da ba ya aiki? In zauna ina kallonku kuna jin kunyata? Ni zan tuƙa. Ai yanzu ma na fi dacewa, ba abin da zan yi asara. Kira shi yanzu ina ji."

Na kira shi a gabanki. Na san ba za ki iya tuƙa bas zuwa ƙarshen layinku ba, ke ma kin sani. So kike ki sauke mana nauyin abin da muka yi a Agusta, kuma ba ki da wata hanya sai wannan.

Yanzu ga Maris ya ƙarato. Tebur yana nan a kame, tikiti suna hannun Col, ya ce lallai mu je, idan muka fasa ba zai iya haɗa ido da hotonki ba. Bayan an binne ki muka taru a harabar coci, aka ta da maganar wa zai tuƙa. Warwick ne ya fara cewa shi, kuma ko ɗigo ba zai sha ba har a dawo. Kafin ya rufe baki wasu uku sun ce su ne. Na ce ni ce, na fi kowa sanin kujerar gaba. Har aka fara ɗaga murya a gaban limamin cocin. Ashe duk mun iya tuƙi, Glenys. Duk shekarun nan lasin yana cikin jakar kowannenmu.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya karɓe ki da hannu biyu, ya zaunar da ke inda wasu za su yi miki hidima. Col, Allah ya ba ka juriyar gidan da ya yi maka faɗi. Bronwen, 'yar Glenys tilo, da jikokinta da ke Gawler, da ƙannenta, da dukan dangin Rohrlach, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya bar ku da halinta. Mu kuma da muka saura a cikin motar, Allah ya yafe mana, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.

Noelene Tscharke, Nuriootpa